Ƙara wa karanshaf tafiya a injin Beetle: yanka, walda, ko sayen wani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Agege, ina da tsohuwar Volkswagen Beetle da na gada daga mahaifina, injinta 1600 ne. Za mu sauke injin saboda ya fara hayaƙi da shan baƙin mai. Wani mai yankan karanshaf ya ce tunda za a buɗe, zai iya yanka shi a karkace, ko ya yi masa ciko da walda, don fistin ya ƙara tafiya, injin ya ƙara girma. Ana yin haka kuwa? Me zan samu, kuma me zai iya lalacewa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifi, ya sa ya huta.

Mutumin bai yi maka ƙarya ba, ana yi, kuma tsohuwar dabara ce. Amma a kan wannan injin naka, yankan karkace ba zai ba ka abin da ya kai wahalarsa ba, walda kuwa kada ka yarda a kusanci karanshaf ɗinka da ita. In har kana son ƙarin tafiya, ka sayi karanshaf da aka ƙera da tafiyar milimita 74 tun daga masana'anta, ka adana naka. Bari in bi maka lissafin don ka ga dalili da idonka.

Karanshaf, wato ƙarfen da ke mayar da hawa da saukar fistin zuwa juyi, yana da wuya iri biyu. Akwai wuyan men, wanda ke kwance cikin bulok yana juyawa a wuri ɗaya, akwai kuma wuyan kwanrod (sandar da ke haɗa fistin da karanshaf), wanda ya goce gefe yana zagaye. Tazarar da ke tsakanin tsakiyar wuyan men da tsakiyar wuyan kwanrod, in ka ninka ta biyu, ita ce tafiyar fistin daga can ƙasa zuwa can sama. A injin 1600 tazarar milimita 34.5 ce, tafiya 69. Faɗin silinda 85.5. In ka haɗa silinda huɗu, cc 1584 ke nan, wanda ake kira 1600 don sauƙin faɗa. Abin da za ka riƙe a ka shi ne wannan: a silinda mai faɗin 85.5, kowace milimita ɗaya ta ƙarin tafiya cc 23 take ƙara wa injin gaba ɗaya. Da wannan lamba kaɗai za ka iya auna duk alkawarin da aka yi maka.

Su kansu masu ƙera motoci da wannan hanyar suka riƙa girmama injinansu. Volkswagen ta tashi daga 1200 zuwa 1300 ba tare da ta taɓa faɗin silinda ba, 77 ne duka biyun, tafiya ce ta tashi daga 64 zuwa 69. Peugeot ma haka: injin 404 faɗi 84, tafiya 73, cc 1618, injin 504 mai cc 1796 faɗin nan ne dai 84, tafiya ce ta koma 81. Sai dai su in sun canza karanshaf, sukan sake lissafin fistin da kwanrod da duk abin da ke kewaye. Wannan ɓangaren ne mai yanka ba ya faɗa maka, don ba aikinsa ba ne. Shi zai miƙo maka ƙarfe yana ƙyalli, sauran rigimar taka ce da makanikenka.

To, yankan karkace. Yankan da muka sani, na 10 da 20 da 30, ana rage wuyan ne daidai wa daida ta ko'ina, tsakiyarsa ba ta motsawa. A yankan karkace kuwa sai a gusar da karanshaf ɗin a kan injin yanka, dutse ya ci ɓangaren ciki, wato wanda ke fuskantar tsakiyar karanshaf, ya ƙyale na waje. Wuyan ya ƙanƙance, tsakiyarsa ta matsa waje. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: iyakar tafiyar da za ka samu ita ce adadin da ka rage daga kaurin wuyan. Ka rage milimita 2, tsakiya ta matsa milimita 1, tafiya ta ƙaru da 2. Wannan a takarda ke nan. A zahiri dole dutse ya ɗan lashi ɓangaren waje shi ma don wuyan ya fito a mulmule, saboda haka ka cire kamar 0.2 zuwa 0.3 daga abin da ka lissafa.

Wuyan kwanrod na Beetle milimita 55 ne a sitanda. Metal ɗin, wato ɓawon ƙarfen da wuyan ke juyawa a cikinsa, da za ka samu a kasuwar kayan mota ta Ladipo na 10, 20 da 30 ne, wato ragin 0.25, 0.50 da 0.75. Idan mai yankan nufinsa ya kai ka 30 a karkace ka sa metal na 30, to ƙarin tafiyar da za ka samu bai wuce rabin milimita ba, cc 11 ko 12 a injin da ke da 1584. Ko kashi ɗaya cikin ɗari bai cika ba. Tayar da iskarta ta ragu ma ta fi wannan tasiri a kan mota. Kuma ka cinye duk yankan da ya rage wa karanshaf ɗin a zama ɗaya, ranar da ya sake neman yanka sai dai bola. Wannan ma in har yanzu sitanda ne. Motar da ta kai wannan shekarun, wataƙila ma cikin waɗanda aka harhaɗa a Ojo bayan buɗe masana'antar Volkswagen ta can a 1975, da wuya a ce ba a taɓa yanka ta ba. In ta riga ta kai 20, babu abin da ya saura a karkata.

Masu yin abin da gaske sukan sauko da wuyan sosai, zuwa 50.8, wato inci biyu cif, girman wuyan wasu injinan Chevrolet, sannan su sayi kwanrod da aka ƙera musamman don wannan girman. Nan za ka samu kusan milimita 4, tafiya ta kai 73, injin ya kai wajen cc 1676. Amma dubi abin da ka saya da shi. Ƙarfin karanshaf yana wurin da wuyan men da wuyan kwanrod suka haɗa jiki, in ka hange su ta tsaye. A sitanda wannan haɗin milimita 20.5 ne. Bayan wancan yankan zai koma 16.4. Ka rage masa ƙashi, ka kuma ƙara masa nauyin da zai ɗauka. Ga shi karanshaf ɗin Beetle dama can ba shi da ƙarafan daidaita nauyi a kumatunsa, kuma tsakanin men da men wuyan kwanrod biyu ne a jere ba abin da ya tallafe su. Da ya yi gudu sosai sai ya riƙa lanƙwasa yana dukan mazaunin men na tsakiya, har ya buɗa shi. Wannan ne ya sa tsofaffin injinan nan fitilar mai ke kyaftawa in sun yi zafi a silo, wato injin na aiki ba a taka totur ba.

Akwai wasu abubuwa uku da yanka mai zurfi ke taɓawa. Fatar wuyan karanshaf takan fi cikinsa tauri, domin an gasa ta, kuma a wasu karanshaf ɗin taurin bai kai zurfin rabin milimita ba. Ka yanke milimita huɗu ta gefe ɗaya, ka shiga nama mai laushi, sai an sake gasawa. Ramin mai kuma a karkace aka huda shi, saboda haka in wuya ya ƙanƙance bakin ramin yakan matsa gefe, ya fito da kaifi kamar reza, in ba a goge bakin ba zai kankare metal tun tashin farko. Na ukun shi ne mafi haɗari, kuma shi aka fi rainawa: lungun da wuya ya haɗu da kumatu. Wurin nan a lanƙwashe yake, ba kusurwa ba ce, kuma da gangan aka yi shi haka. In mai yanka bai gyara gefen dutsensa ya ba shi wannan lanƙwasar ba, zai bar kusurwa mai kaifi, daga nan tsaga ke farawa, siririya kamar gashi, ta yi ta ci a hankali wata da watanni. Karanshaf ɗin da ya karye, in ka duba, kusan kullum daga lungun nan ne. Ko yankan 10 na yau da kullum za a yi maka, ka sa farce a lungun kafin ka biya kuɗi. In farcenka ya maƙale a wani layi, aikin bai yi ba.

Walda kuma fa? Manufarta a tara ƙarfe a ɓangaren waje na wuyan, a sake yanka shi a sabuwar tsakiya, ya dawo 55 ɗinsa, ka ci gaba da amfani da kwanrod ɗinka. A inda ake yin ta yadda ya kamata, ana fara gasa karanshaf ɗin gaba ɗaya, a toshe ramukan mai, a yi waldar da inji mai juya shi a hankali ƙarƙashin garin da ke rufe wutar daga iska, a mayar da shi tanda ya huce sannu-sannu, a miƙe shi a kan firas, a yanka men da kwanrod duka, a sake huda ramukan mai, a gwada tsaga da maganaɗisu. Mataki bakwai ko takwas, kowanne da na'urarsa. Abin da akasari za a yi maka a bakin titi shi ne walda da sanda, a kan ƙarfe mai sanyi, janareta na hawa yana sauka. Ƙarfen da ke gefen waldar zai yi tauri ya yi gautsi, cikin cikon zai kasance da ƙananan ramuka da ba a gani sai dutse ya buɗe su, karanshaf ɗin kuma zai bauɗe. Zai tashi lafiya, zai yi sati ko wata yana daɗin ji. Ranar da zai karye ba a garejin zai karye ba, sai kana tsakiyar gadar Third Mainland, kuma in ya karye yakan tafi da bulok ɗin. Bulok kuwa shi ne ke ɗauke da lambar injin da ke cikin takardun motar mahaifinka.

Saboda haka a sayi wanda aka ƙera. Na Beetle ana yin su da tafiya 74, 76, 78, 82 har 84, yawanci da ƙarafan daidaita nauyi a jiki, kuma galibi sai dai a yi odarsu daga waje. Ka nemi na ƙarfen da aka buga, ba na zubi ba, mai wuyan kwanrod 55 don kwanrod ɗinka su hau. Da 74 da silindarka ta 85.5 za ka samu cc 1699. Ƙarin cc 115, kashi bakwai cikin ɗari, kuma a ƙasa-ƙasa za ka ji shi, wurin tashi daga tsaye da hawan gada da mutum huɗu a ciki, ba a ƙarshen gudu ba. Ga mai bin Agege Motor Road zuwa Oshodi kullum, wurin da ake buƙatarsa ke nan. Dalilin da ya sa na tsaya a 74: shi ne ke shiga bulok da ɗan gyara kaɗan ko ma babu. Daga 78 zuwa sama aikin ya zama wani abu dabam, sai an sassaƙe cikin bulok sosai, a canza fistin zuwa masu ramin fin (ƙarfen da ke haɗa fistin da kwanrod) da aka ɗaga sama, sau da yawa a canza kwanrod. Kwanrod ɗin Beetle tsawonsa 137. A tafiya 69 ya kusa ninka ta biyu, a 74 ya koma 1.85, a 82 kuwa 1.67, kuma duk sa'ad da wannan lamba ta sauka, kwanrod na ƙara kwanciya yana tura fistin jikin silinda, zafi da ci suna ƙaruwa. Injin da iska ke sanyaya shi, a cunkoson Legas, ba ya neman ƙarin zafi.

Yanzu ga inda aikin yake. Ƙarin milimita 5 a tafiya yana nufin fistin zai hau sama da 2.5 fiye da da, ya kuma sauka ƙasa da 2.5 fiye da da. Kowanne da matsalarsa.

Ta sama tukuna. A injin da ba a taɓa ba, in fistin ya kai ƙarshen hawansa yakan tsaya ƙasa da bakin silinda da milimita ɗaya da wani abu. Ƙara masa 2.5, ya leƙo waje ke nan, zai daki kan silinda. Ko da a ce bai daka ba, lissafin matsi ya isa ya hana ka. Silinda ɗaya tana shan cc 396, matsin injin kuma wajen 7.5 ne, wato ɗakin da ya rage a sama in fistin ya hau kusan cc 61 ne. Da sabon karanshaf silinda za ta sha cc 425, fistin kuma ya cinye cc 14 daga ɗakin, saura 47. Matsi ya haura 10. Da fetur ɗin da muke sha, wanda na wannan gidan mai ba ya zama ɗaya da na wancan, injin zai riƙa ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani duk lokacin da ka taka, kuma ƙarshenta fistin ya huje ko ringi ya karye. Maganinsa zoben ƙarfe da ake sawa a gindin kowace silinda, tsakaninta da bulok, ya ɗaga ta. Zobe mai kaurin 2.5 zai mayar da ɗakin cc 61, matsi ya tsaya kusan 8. Wannan ya yi. Kada ka wuce 8 a motar da za ta riƙa tsayawa cikin rana a Ikorodu Road.

Amma kar a sayi zoben da ka, a auna. A ɗaura fistin ɗaya ba ringi, a zura silinda, a danne ta da goro da 'yan guntayen bututu a kan sandunan, a juya har fistin ya kai ƙololuwa, a ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a bakin silinda, a zura filagejin awo a tsakani, daidai saitin fin don fistin kada ya karkata ya ruɗe ka. Abin da ake nema tsakanin milimita 1.0 da 1.5. A yi wa duka huɗun, domin silinda biyu da ke ƙarƙashin kai ɗaya dole tsayinsu ya zo ɗaya, in ba haka ba kan zai zauna a kan ɗaya ya bar ɗaya tana hura wuta ta gefe. Injin Beetle 1600 ba shi da gasket a nan, ƙarfe ne kan ƙarfe. Ɗakin kan silinda shi ma a auna shi: a kifa kan, bawul da fulogi a ɗaure, a rufe da ɗan gilashin roba mai huda, a cika da sirinjin asibiti ana ƙirga cc. Kan da aka taɓa yi wa dabe a baya, wato aka aske fuskarsa a inji, ɗakinsa ya ragu, kuma ba wanda zai gaya maka sai sirinji.

Da ka ɗaga silinda, injin ya ƙara faɗi da 2.5 kowane gefe, kuma duk abin da ya ratsa daga bulok zuwa kai ya gajarta. Sandunan tura bawul za su kasa, sai a nemi masu tsawo a yanka daidai, a tabbata ɗan kan roka, wato ƙarfen da ke danna bawul, yana taka tsakiyar bawul in ya buɗe rabi. In yana taka gefe, gaid, wato bututun da bawul ke zirga-zirga a ciki, zai cinye cikin 'yan watanni, hayaƙin da ka gudu ya dawo. Bututan da sandunan ke bi ciki a ɗan ja su su buɗe kafin a ɗaura, in ba haka ba za su yi yoyo. Manifol da salansa za su nemi a ɗan sassauta musu. Gwangwanayen da suka lulluɓe injin kuwa za su bar ɗan gibi, kuma wannan gibin ba ƙaramin abu ba ne, ta nan iskar fanka za ta tsere ba ta bi ta kan silinda ba. A toshe shi.

Ta ƙasa kuma, abubuwa uku ke iya karo: gindin fistin da ƙarfen daidaita nauyi, kafaɗar kwanrod da rufin bulok, sai goron kwanrod da kamshaf. Ba a gane wannan da ido. A haɗa karanshaf da kwanrod da kamshaf a rabin bulok, a shafa baƙin tawadar alƙalamin maka a wuraren da ake zargi, a juya da hannu a hankali, a duba inda ya goge. Sannan a manna ɗan ƙullin cingam ko yumɓun wasan yara, a rufe ɗaya rabin, a juya sau biyu, a buɗe a yanka ƙullin da reza a auna kaurinsa. Ko'ina a samu aƙalla milimita ɗaya, domin abin da ya wuce da ƙyar a hannu, in ya yi zafi yana juyi dubu huɗu a minti zai taɓa. Inda ya kasa a ci da fayil ko ɗan dutse, kaɗan-kaɗan, ba a bar kusurwa ba. A kula: bulok ɗin Beetle na asali da magniziyam aka yi shi, garinsa yana kama wuta, kuma ruwa ba ya kashe ta, ƙara mata ƙarfi yake yi. A share garin a kai a kai, a nisanta shi da mai walda, a ajiye bokitin busasshen yashi kusa.

Kafin duk wannan ma, a duba bulok ɗin kansa, don sabon karanshaf a cikin bulok da ya buɗe asarar kuɗi ne. A cire metal na tsakiya a shafa mazauninsa da yatsa. In ka ji gefe ya yi tudu, ko ka ga lambar bayan metal ta bugu a jikin bulok, ya daku, sai an yi masa layin-bo, wato a sake yanka mazaunan men duka a layi ɗaya, a sa metal mai kaurin baya. A duba mazaunin metal na wajen filawil, wanda ke riƙe karanshaf kada ya yi gaba da baya, a kuma duba bayan silinda ta uku, wurin da bulok ɗin nan ya saba tsagewa. A wanke da kananzir, a share, a shafa garin alli, a ɗan jira. In akwai tsaga, kananzir zai fito ya zana ta a kan allin. Wannan gwajin yana yi wa tsohon karanshaf ma. Shi har kana iya rataye shi da igiya, an cire giyoyinsa, ka ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma: lafiyayye zai yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawar makaranta, mai tsaga zai ce ƙwas ya yi shiru.

Wurin haɗawa, a auna sabon karanshaf da maikiromita kamar ba a yarda da shi ba, kowane wuya a wuri biyu, a gicciye. Sabo ba ya nufin daidai. Tazarar mai a metal ɗin kwanrod ta kasance tsakanin 0.02 da 0.07, a men kuma tsakanin 0.04 da 0.10, kuma tsakiyar waɗannan lambobin ake so, ba bakinsu ba. Metal na uku zobe ne, sai an zura shi kafin a mayar da giyar kamshaf da ta distirbuta, kuma giyoyin a ɗumama su su shige da kansu, ba a kora su da guduma ba. Kowane metal na men yana da ɗan rami da ke hawa kan ƙusa a bulok. Kuskuren da ya fi kashe injinan nan a hannun wanda bai saba ba shi ne a rufe bulok alhali metal bai hau ƙusarsa ba. Ƙusar ta lotsa shi, karanshaf ya cije. Saboda haka ana ɗaure goron bulok ana juya karanshaf da hannu, da ya yi nauyi a tsaya a buɗe.

Filawil ɗin Beetle goro ɗaya ne ke riƙe shi, da ƙusoshi huɗu. Yawancin karanshaf masu ƙarin tafiya da ƙusa takwas suke zuwa, don haka sai an huda filawil ɗinka da jig, wato ƙarfen da ke nuna wa diril inda zai huda, ramukan su zo cif, ba a faɗaɗa su da diril don su shiga ba. Goron yana son kusan Nm 350. Wannan ba aikin bututu da tsalle a kai ba ne, a nemo sifanar awo babba. Filawil da ya yi sako-sako yakan cinye ƙusoshin ya lalata gindin karanshaf cikin kwana kaɗan. Wasan gaba da baya a saita shi da shim uku, wato siraran zobban ƙarfe, tsakanin milimita 0.07 da 0.13. Sannan karanshaf da filawil da faifan kuloci da fuli a kai su a daidaita nauyinsu tare, a yi musu alama yadda za su koma. In ba a sami mai na'urar ba, aƙalla fistin huɗun da kwanrod huɗun a ɗora su a sikelin masu sayar da gwal, a rage wa masu nauyi har bambancin ya dawo cikin giram ɗaya ko biyu.

Injin da ya ƙara girma zai nemi ƙarin abinci da ƙarin iska. Kafireton da ke kai zai iya ɗauka, sai dai a ƙara babban jet mataki ɗaya, a duba launin fulogi bayan tafiya mai ɗan nisa: ruwan ƙasa ake so, fari yana nufin yunwa, yunwa kuma zafi ce. Taimin a saita shi da fitila a juyi 3000, kada ya wuce digiri 28 zuwa 30. In gidan fankarka tsohon samfuri ne mai kular mai a ciki, wanda ke hura wa silinda ta uku iska mai ɗumi, a canza zuwa samfurin da ya fito daga 1971, mai kular a waje. Robar da ta zagaye injin ta raba shi da zafin salansa, in ta yage a sa sabuwa. Ka tuna man injin nan lita biyu da rabi ne kacal, kuma ba shi da filta sai rariya.

Tashin farko, a cire fulogi a juya da sitata har fitilar mai ta mutu, sannan a mayar a tayar. In an sa sabon kamshaf, a riƙe shi a juyi 2000 zuwa 2500 na minti ashirin, kada a bar shi a silo. A zubar da man da zafinsa, a duba rariya. Ɗan ƙyalli kaɗan ba komai, ɓarɓashi mai kama da ƙaiƙayi kuwa a sake buɗewa. Washegari da safe, injin na sanyi, a saita bawul a 0.15. Kilomita 800 na farko a riƙa sauya gudu, ba a labta masa giya babba a ƙaramin gudu ba, kuma a nemi safiyar Lahadi a hau hanyar Ibadan maimakon a kashe su a cunkoso. Bayan nan a sake canza mai, a sake bin goron kai da bawul.

Wani abu da ya kamata ka auna kafin ka yi oda: tunda hayaƙi ne ya sa za a buɗe injin, dama fistin da silinda za ka saya. Saitin 90.5 a kan karanshaf ɗinka na 69 zai ba ka cc 1775, wanda ake kira 1776, ya fi abin da 74 zai ba ka, injin bai ƙara faɗi ba, sandunan bawul ba su canza ba. Kuɗinsa shi ne sai an buɗa bakin bulok da na kai a injin dabe, kuma abin da aka yanke ba ya dawowa. In kana son bulok ɗin mahaifinka ya zauna yadda yake, ranar da ka ga dama ka mayar da komai sitanda, to 74 da zobe ne hanyarka. In ƙarfi kawai kake nema a kuɗi kaɗan, 90.5 ya fi sauƙi. In ka haɗa biyun, cc 1904 ke nan, amma a nan kafireto ɗaya da kai na asali sun fara shaƙe shi, kuloci ma zai nemi mai ƙarfi, burkin ganga kuma sai an sake dubansa. Akwai saitin 87 da ke shiga ba yanka ya ba da 1641, sai dai bangonsa siriri ne, yana saurin bauɗewa da zafi, ban ba ka shawararsa a garin nan ba.

Ranar da aka sauke injin, kafin a sayi komai, a auna faɗin silinda da tafiyar karanshaf ɗin da ke ciki. Motocin nan sun sha hannu, an sha sa wa bulok ɗin 1300 kayan 1600, an sha yin akasin haka. In ka tarar da tafiya 64, injin 1200 ne, kuma duk lissafin da ke sama ba nasa ba ne.